Gaba Arba'in Daga Giginya

Allah sarki, jiki. Mutum ba ya sanin ranar da ya fara raguwa sai wani ɗan abu ya nuna masa. Ni igiya ce ta nuna mini, a nan Sulay, wata unguwa ta Riyad, a ɗakin ajiyar kayan da na tsufa a ciki ina aunawa, ina yankawa, ina naɗewa. Igiyoyi muke sayarwa da tamfol da kayan kafa tanti. Masu raƙuma na zuwa, masu gini na zuwa, haka ma waɗanda ke fita bayan gari shan iska idan sanyi ya shigo. Da can da sanda nake awo, wata doguwa da aka kafe a jikin tebur, yadi a gefe guda, mita a ɗaya gefen, domin wasu kayan da yadi ake rubuto su, wasu da mita. Bara mudir, wato manajan wurin, ya kawo wani inji mai ƙirga da kansa. Ka zura masa bakin igiya, ka danna lamba, ya yi ta gurnani yana ja, ya tsaya, ya datse. Tun daga nan aikina ya koma shara da ɗaure kaya da nuna wa direbobi inda za su tsaya. Ban yi ƙorafi ba. Sabunta iƙamata, wato takardar izinin zama, yana hannun kafil, ubangidan da ya tsaya mini, kuma mai irin shekaruna a garin nan ba ya ɗaga murya, don kada a tuna da shekarun nasa.

Wata rana da hantsi wani tsohon Balarabe ya shigo, irin mutanen ƙauyen nan masu busasshiyar fuska, ya ce a yanka masa igiyar rijiya ba'a ashirin. Yaron da ke kan injin ɗan gida ne, Bakano, bai daɗe da zuwa ba, Baba yake kirana. Ya waiwayo ya ce, "Baba, mene ne kuma ba'a?"

Na ce, "Gaba yake nufi. Daga kan yatsan wannan hannu zuwa kan yatsan wancan."

Na jingine tsintsiya, na kama bakin igiyar, na ware hannuwa zan nuna masa. Sai kafaɗar dama ta ƙi. Ta buɗe rabi ta tsaya, wani zafi ya soke ni har cikin wuya. Kafin in sauke hannun yaron ya riga ya latsa wayarsa.

"Na samu, Baba. Gaba guda yadi biyu ne, yadi arba'in ke nan. Zauna ka huta."

Bai yi kuskure ba, haka lissafin yake. Inji ya yi gurnaninsa, Balarabe ya saɓa igiyarsa ya yi mana addu'ar lafiya ya fita. Na koma kan ƙunshin tamfol na zauna ina murza kafaɗa. Daga baya wani likita ɗan ƙasarmu da ke aiki a unguwar Malaz ya duba ta, ya ce babu abin da ya karye, shekaru ne kawai. Amma ba kafaɗar ce ta hana ni sukuni a ranar ba. Kalmar ce. Na manta rabon da in ji wani ya nemi abu da gaba, sai ga ta ta fito daga bakin baƙo, cikin wani harshe, ta mayar da ni inda na daɗe ban je ba.

A inda aka haife ni ba a sayen igiya, tufka ta ake yi. Garinmu a bakin kogi yake, mu masunta ne tun kakanni. Abin da ke tashe mu da asuba ba ƙararrawar waya ba ce, ƙarar filafili ce tana bugun gefen jirgi, ƙwal, ƙwal, da tarin maza masu gangarawa kwata, da muryar wata tsohuwa da kullum take faɗa da agwaginta. Idan rana ta ɗaga sai ka ji kartar wuƙa a bayan kifi daga kowane gida, hayaƙin banda ya kwanta a kan gari har ya shiga cikin tufafi da gashi, ta yadda ko kasuwar wani gari ka je an san daga ina kake. Mu yara aikinmu jiƙa rama ne, da kwashe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo, da ɗaura ƙugiyoyi a jikin mamari, wato doguwar igiyar nan da ake shimfiɗawa a ruwa ta kwana. Tsofaffi kuwa suna ƙarƙashin tsamiya, kowa ya yaye wando zuwa cinya, ya tofa yawu a tafin hannu, yana murza rama, igiya tana fita ta bayansa tana taruwa a ƙasa. Suna tufka suna gardama a kan abin da ya wuce shekara hamsin. A nan Riyad abin da nake ji daga safe har dare shi ne kukan na'urar sanyaya ɗaki da ƙarar manyan motoci suna ja da baya. Ran Juma'a nakan shiga mota in je unguwar Murabba in zauna da 'yan gida, amma zaman ya zama na shiru, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, hannu ba ya aikin komai sai shafa gilashi.

Awonmu a jikinmu yake. Taki na ƙugiya da idon raga, kamu na zane, gaba na igiya da zurfin ruwa. Kakana yakan ce mana in wani ya aike ka auno masa igiya, ka dubi tsawon mutumin kafin ka tafi, don kada ka auno wa dogo da hannun gajere. Yadi sai a bakin masu atamfa muke jin sa ranar kasuwa. A makaranta ne na fara sanin cewa suna da dangantaka, ranar da malaminmu ya rubuta a allo: kamu biyu yadi guda, yadi biyu gaba guda. Na dawo gida da zumuɗi na faɗa wa Baba, mahaifina. Yana gyaran taru bai ko ɗago ba, ya ce, "Yadi na masu tufafi ne. Ruwa da gaba ake tambayarsa."

Baba dogo ne, mai faɗin ƙirji, marar yawan magana. Shi ne mai nutson garin. Idan taru ya maƙale a jikin kututture a ƙasan kogi, shi ake kira. Ya cire riga, ya ja numfashi, ya shige, mutane su yi tsit har sai kansa ya ɓullo. Gurbi mafi zurfi a kogin namu gaba biyar ne, kuma babu lungun da bai taɓa da hannunsa ba a cikinsa. Maza na shakkarsa. Mutum ɗaya ce ba ta shakkarsa, Inna. Ita gajera ce, mai saurin tafiya da saurin baki, in ya yi abin da bai yi mata ba tana gaya masa a gaban tukunya, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, gobe ka ga ya gyara. Ban taɓa jin ya kira sunanta ba, ban taɓa jin ta kira nasa ba. Haka zamanin yake.

Na gama firamare ke nan, gemu bai fito ba amma na kai tsawon maza, sai masu awo suka zo. Suka ce za a tare kogin a can ƙasa da mu, ruwa zai taru ya zama tafki, garinmu da gonakinmu da na maƙwabta duk za su shiga ciki, an tanadar mana sabon gari a kan tudu. Tsofaffin ƙarƙashin tsamiya suka yi dariya. Ɗaya ya ce tun zamanin kakansa ambaliya ba ta taɓa wuce saiwar wannan itaciya ba, ba kuwa takarda ce za ta sa ta wuce ba. Da yake ina ɗan jin Turanci, masu awon suka ɗauke ni jan sarƙa. Ni ke riƙe bakinta in yi gaba har a ce in tsaya, a kafa turke, a kira lamba, wani ya rubuta. Muka auna gidaje, muka auna gonaki, muka auna masallaci da maƙabarta. Komai da yadi. Da yamma mutane su tare ni, "Kai, gonata nawa suka ce?" In faɗa da yadi, su ce in faɗa da Hausa, in raba biyu in ba su da gaba, sannan su gyaɗa kai. Wata rana ma masu awon, cikin wasa, suka sa na ware hannuwa suka gwada ni da ma'auninsu, suka ce yadi biyu ne cif, ko su ajiye sarƙa su riƙa ja na a ƙasa.

A wannan shekarar Baba ya tafi su, wato kamun kifi, can gabas mai nisa, kamar yadda maza kan yi, sai dai wannan karon ya ce zai daɗe, don a shiga sabon gari da ɗan abin hannu. An gaya mana ruwan ba zai iso ba sai an ƙara wata damina. Ya tafi da wannan a ransa. Da ruwan sama ya fara sauka zazzaɓi ya kama Inna. Ba ta daɗe a kwance ba. Ni da ƙannena mata muna kanta, da wata gwaggonmu, har Allah ya karɓi abinsa da rana tsaka. Ba a riga an yanka wa sabon gari maƙabarta ba, gawa kuma ba ta jira, sai aka kai ta tsohuwar. Kabarinta shi ne na ƙarshe da aka haƙa a garin, a bakin layi, dab da turken da ni da kaina na riƙe aka kafa. Muka ba fataken kifi saƙo su kai wa Baba, ba mu san ko zai same shi ba.

Ruwan bai jira wata daminar ba. Motoci suka zo aka kwashe mu da tukwane da awaki da turame. Daga kan tudu muka riƙa kallo. Ba da gudu ya zo ba, ba da ƙara ba. Ka kwanta yana bakin kwata, ka tashi yana ƙofar gidan wane. Katangun ƙasa su sha su sha, sai ka ji tim, ƙura ta ɗan tashi, ruwa ya rufe. Tsohon nan da ya yi maganar saiwar tsamiya yakan sa a kai masa tabarma bakin tudu, ya zauna tun safe, bai ƙara cewa komai a kan lamarin ba. Tsamiyar ta nutse da reshenta na sama. Abin da ya rage a fili kan giginya ne kawai, wata doguwa da ke bayan masallaci.

Sai bayan kaka Baba ya dawo. A mota ya zo, ba ta ruwa ba, aka sauke shi a bakin sabon gari da ƙunshinsa. Gidajen siminti ne a jere, duk iri ɗaya, ya tsaya bai san ƙofar da zai nufa ba har wata yarinya ta gane shi ta riƙo hannunsa. Saƙon ya same shi a makare. Aka yi ta zuwa gaisuwa, yana amsawa, "Sai haƙuri, sai haƙuri." Amma duk wanda ya ɗauko zancen yadda ta yi jinya, sai ya miƙe ya fita. Gwaggo ta gwada, ya bar mata ɗakin. Ni kaina na buɗe baki sau da yawa, ya dube ni, in rufe. Abinci yakan taɓa ya ture. Ba ya zuwa bakin ruwa, ba ya taɓa raga. Na sha ganin irin wannan zama a nan, a ɗakunan ma'aikata, idan aka bugo wa mutum waya an yi masa rasuwa kuma takardar fita ba ta samu ba. Ya je aiki, ya dawo, ya zauna bakin gado yana kallon bango. Yanzu aƙalla akan turo masa hoton kabari ta waya. Baba ko wannan bai samu ba.

Wata safiya ya tsaya a kaina ya ce, "Kai, ɗauko filafili."

Na tarar ya riga ya ɗora kaya a jirgi: igiyar mamari da ya cire wa ƙugiyoyi, wata siririyar igiya dabam, da dutse mai ƙugu irin wanda muke tsayar da jirgi da shi. Muka tura. Wannan ce shigarsa tafkin ta farko. Ya sa hannu a ruwan ya riƙe, ya jima, ya ce, "Wannan ruwa ba ya zuwa ko'ina." Muna tuƙi ina ta ƙoƙarin gane inda muke, ko kan gonar wa, ko kan gidan wa, amma babu alama. Fili ne fetal, fari, har ido ya gaji. Muka nufi kan giginyar. Balbelu sun cika ta, suka tashi da muka matso. Ganyen ƙasa ya fara rawaya. Baba ya kama wani reshe ya tsayar da jirgi. Itaciyar da muke ɗaga kai har hula ta faɗi kafin mu ga 'ya'yanta, ga shi yau muna zaune muna kallonsu a saitin fuska.

Ya ce, "Daga nan zuwa inda take, nawa ne?"

"Yadi tamanin, Baba. Ni na ja sarƙar daga gindin nan. Turken yana wajen kanta."

"Ban tambaye ka yadi ba."

"Gaba arba'in."

"Ka tabbata?"

"Yadi biyu gaba guda. Rabin tamanin."

"Ta wace fuska?"

Na nuna masa wani tsagaggen dutse a kan tsaunin ƙetare, wanda masu awo suka saita sarƙarsu da shi. Ya dube shi ya gyaɗa kai. Ya ɗauki igiyar mamari ya ware hannu zai fara aunawa, sai ya dakata. Ya dubi hannuwansa, ya dubi nawa.

"Hannuna ya fi na mutane. In na auna arba'in da shi zan wuce ta. Kai aka ce sun gwada?"

"Sun ce yadi biyu ne daidai."

Ya miƙo mini igiyar. Tun da nake, bai taɓa bari wani ya auna masa igiya ba. Na miƙe tsaye a cikin jirgi, na riƙa warewa ina ƙirgawa da ƙarfi, shi yana karɓa yana tarawa. Da na kai arba'in ya ƙulla. Ya ɗaure ɗaya bakin a wuyan giginya, muka tuƙa a hankali muna fuskantar tsagaggen dutse, igiya na zarewa a bayanmu, har ta miƙe ta ja jirgi ya tsaya. Babu komai a wurin. Ruwa ne kamar sauran ruwan.

Ya ɗaura dutsen a ragowar igiyar ya sake shi. Ta yi ta tafiya ta cikin tafinsa, ta wuce inda na zata za ta tsaya, ta ci gaba. Da ta saki ya kama daidai fuskar ruwa, ya jawo kaɗan-kaɗan yana ba ni ina aunawa. Tara. Ba a tambaye ni ba na ce, "Yadi goma sha takwas ke nan, Baba." Na faɗa ne don babbar lambar ta tsorata shi, domin na fara gane abin da ya kawo mu.

Ya ce, "Tara na ji."

Ya mayar da dutsen ƙasa ya ɗaure igiyar a jikin jirgi. Ya ɗauko siririyar, wadda ashe tun a gida ya yi mata ƙulli a kowane gaba, ya ɗaura a ƙugunsa, ya ba ni ɗaya bakin. Ya cire riga. A lokacin ne na ga yadda tafiyar da zaman makokin suka cinye shi, haƙarƙari duk a waje, furfura a ƙirji.

"Kada ka ja sai na girgiza."

"Baba, tara ne. Biyar ka saba."

"Ban yi mata salla ba. Ban zuba ƙasa ba. In na taɓa wurin da hannuna, ya ishe ni."

"Akwai saƙon da ta bar maka."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin jirgi. Ya ce, "Riƙe shi. In na fito."

Ya ja numfashi irin nasa, ya yi bisimilla, ya kama igiyar dutse ya bi ta da kai. Na ga tafin ƙafarsa fari, sannan ban ga komai ba. Ƙulli ya fara wucewa ta cikin yatsuna. Na ɗaya, na biyu, na uku da sauri. Na huɗu. Na biyar ya zo a hankali, na ce a raina yanzu zai juyo. Bai juyo ba. Na shida ya wuce, igiya ta ƙara tafiya kaɗan, sai ta tsaya. Na jira girgiza. Babu. Na ji wani ɗan motsi kamar kifi ya taɓa ƙugiya, sannan shiru. Balbelu sun koma kan giginya, ina jin kukansu daga nesa, ina jin ruwa na lasar gefen jirgi. Ban taɓa saɓa wa maganar Baba ba. Na dafa ƙafa a bakin jirgi na ja. Nauyi ne kawai ke zuwa, nauyin da ba ya taimakon kansa. Igiyar ta yanka tafina ban ji ba. Da kansa ya ɓullo fuskar ta yi toka-toka, jini na fita ta hanci da kunnen dama. Na rungumo shi ta hammata, jirgi ya karkata ya sha ruwa, na faɗa baya da shi a kaina. Na kifa shi na yi ta danna bayansa ina kiran sunan Allah, har ya yi wani irin kakari ya amayar da ruwa.

Ya daɗe a kwance a cikin jirgi yana numfashi kamar ana zuga zugazugi. Ni kuma ina kwashe ruwa da ƙoƙo, don hannuna ya samu abin yi. Maganarsa ta farko ita ce, "Wa ya ce ka ja?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Nawa na yi?" Na ɗaga masa yatsu shida. Ya kalle su. "Saura uku." Sannan ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Akwai sanyi a ƙasan nan. Ba ta son sanyi."

Sai na kama jawo dutsen don mu tafi kafin ya sake wani tunani. Da dutsen ya hau jirgi, ga laka ta manne a gindinsa, baƙa, mai kauri, da ɗan guntun ciyawa a ciki. Baba ya gan ta. Ya tashi zaune da ƙyar, ya jawo dutsen gabansa, ya sa yatsa ya kankaro lakar ya tara a tafin hannu. Ya murza ta, ya shinshina. Ƙasar garinmu ce, ko makaho ya san ta. Ya juya ya fuskanci alƙibla da ita a hannu, ya yi addu'a mai tsawo, leɓɓansa kawai ke motsi, ni ina amin a bayansa. Da ya gama ya raba lakar uku, ya saki kowane kashi a ruwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake zuba ƙasa a kabari. Ya wanke hannu ya shafa a fuska.

Muka koma muka kwance igiya daga giginya. Ni na zauna a baya ina tuƙi, wurin da yake nasa ne tun ina yaro. Shi yana tsakiya, ya ba ni gefen dama, ya toshe kunnen da bakin rigarsa. Mun yi nisa sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Saƙon."

Na faɗa masa. Bai motsa ba. Na sake faɗa. Ya juyo yana duban bakina, ya ce, "Magana kake?" A nan muka gane kunnen ya tafi. Ɗayan ma ruwa ya cika shi. Na ajiye filafili, na matso ta hagunsa, na ɗaga murya irin yadda ban taɓa ɗaga masa ba, a tsakiyar wannan fili da babu kowa:

"Ta ce in ka dawo a gaya maka ka bar nutso haka nan! Ta ce ka tsufa!"

Ya zuba mini ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zata kuka ne, ashe dariya ce, ta fito da tari da jini da hawaye gaba ɗaya, har ya dafe bakin jirgi. Da ta lafa ya share fuska da rigar, ya dubi wajen da muka baro, ya ce, "To. Na ji."

Bai sake nutso ba har ya koma ga Allah. A daren nan ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya koma gyaran raga a bakin tafki, samari na kawo masa irin sabbin ragar nan ta kanti da ake sayarwa da yadi, ya karɓa ya gyara ba tare da gardama ba. In za ka yi masa magana sai ka zagaya ta hagu. Mun sake zuwa wurin ni da shi, ya zauna a jirgi ya yi addu'arsa mu dawo. Amma giginya ba itaciyar ruwa ba ce. Ganyen ya bushe, kan ya karye, kututturen ya tsaya baƙi na ɗan lokaci, wata damina iska ta kwantar da shi.

Kwanakin baya autana ya bugo mini waya daga gida. An haifa masa 'ya, ya sa mata sunan Inna, yana so in ya samu hutu ya ɗauki jirgi mai inji ya je ya yi wa kakarsa addu'a a kan kabarinta. Ya ce, "Baba, ka kwatanta mini wurin, akwai taswira a wayata." Ina tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, rana na dukan kwalta, wani direba na yi mini hon in matsa. Na ce masa yadi tamanin ne, gaba arba'in, ka fuskanci tsagaggen dutse. Ya ce, "Daga ina za a fara aunawa?"

Na ce, "Ka yi mata daga bakin ruwa, ɗana. Tana isa."